Hoto da Shuɗewar Lokaci: Abin da Kyamara Take Riƙewa da Abin da Take Saki

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi dangantakar hoto da lokaci, da nufin tantance iyakar abin da mai nazarin tarihi da al'adun Hausawa zai iya dogara da shi idan ya kafa hujja da tsohon hoto. An bi sawun wasu fitattun ayyuka, tun daga hotunan farko da aka ɗauka a Faransa zuwa na Tafkin Cadi da na dalar gyaɗa ta Kano, sannan aka auna su da yadda nahawun Hausa yake sarrafa lokaci. Muƙalar ta nuna cewa lokacin da ke cikin hoto shi kansa bai wuce ɗan wa'adin da idon kyamara ya yi a buɗe ba. Shuɗewar zamani da mai kallo yake gani daga waje take zuwa: daga kwanan wata, ko hoto na biyu, ko sanin mai kallon game da abin da ya biyo baya. Idan aka rasa waɗannan, hoton da ya shaida abin da ya faru sau ɗaya yakan rikiɗe ya zama da'awar abin da aka saba yi kullum.

Fitilun kalmomi: hoto, lokaci, tarihi, dalar gyaɗa, lokaci sabau

1.0 Gabatarwa

Kalmar "hoto" aro ce daga Ingilishi, amma aikatau ɗin da Bahaushe ya haɗa ta da su nasa ne na gado. Ɗaukar hoto ake yi, kamar yadda ake ɗaukar kaya a tashi da su daga wani wuri zuwa wani. A zamanin fim kuma sai an wanke shi kafin ya fito. Tambayar da ta dace a yi ita ce: mene ne ainihin abin da aka ɗauka? Amsar da aka fi ji a bakin jama'a, har da na masu ilimi, ita ce hoto yana tsayar da lokaci. Wannan magana tana da daɗin faɗa, amma tana bukatar a tsefe ta.

Kalandar biki misali ce ta kusa. A samanta akwai hoton ango da amarya, a ƙasa kuma ranakun shekara a jere. Shekarar takan ƙare, ranakun su daina amfani, amma kalandar ta ci gaba da zama a bango saboda hoton. Bayan shekara ashirin, wanda ya shigo ɗakin zai ga ƙuruciyar ma'auratan ya yi mamaki, alhali hoton bai sauya ba. Lambar shekarar da ke ƙasa da furfurar maigidan da ke zaune a gabansa su ne suka sanar da shi cewa zamani ya tafi. Wannan muƙala ta ginu ne a kan wannan bambanci, wato tsakanin lokacin da ya shiga cikin hoto da lokacin da mai kallo ya zo da shi.

2.0 Wa'adin Shan Haske

Kowane hoto yana samuwa ne idan aka buɗe idon kyamara haske ya faɗa a kan wani abu mai riƙe shi, sannan aka rufe. Tsawon wannan buɗewa shi ne kaɗai lokacin da ke cikin hoto a zahiri, kuma bai taɓa zama sifili ba.

Hoto mafi tsufa da aka ɗauka da kyamara wanda ya wanzu zuwa yau shi ne na Nicéphore Niépce, wanda ya ɗauka daga tagar gidansa a Faransa a 1826 ko 1827, a kan allon ƙarfe da aka shafa wa wani nau'in kwalta. Allon ya sha haske na aƙalla awa takwas, wasu masu bincike ma suna ganin kwanaki ya yi. Saboda haka rana ta haska gine-ginen da ke cikinsa ta ɓangaren dama da na hagu gaba ɗaya, abin da idon ɗan'adam bai taɓa gani ba. Hantsi da la'asar sun haɗu a allo ɗaya. Ke nan hoton kyamara mafi tsufa da ya wanzu bai tsayar da lokaci ba, tara shi ya yi.

A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki wani babban titi na birnin Faris mai suna Boulevard du Temple. Titi ne mai cunkoson mutane da kekunan doki, amma a hoton ya fito fayau kamar an yi shara. Dalili shi ne allon ya ɗauki mintoci yana shan haske, don haka duk abin da ke tafiya bai daɗe a wuri ɗaya ba balle ya bar alama. A kusurwar ƙasa ta hagu ne kawai ake ganin wani mutum ya ɗora ƙafarsa ana goge masa takalmi. Shi da mai goge masa ne ake lissafawa a cikin mutanen farko da suka taɓa fitowa a hoto, kuma ba don komai suka fito ba sai don sun tsaya. Akwai darasi a nan da ya wuce batun na'ura. Ko bayan da kyamarori suka yi sauri, wanda yake da hali da izinin tsayawa a gaban mai hoto shi ne ya fi fitowa. Mai duba taskokin hotunan ƙasar Hausa na farkon mulkin Turawa zai tarar da sarakuna da dogarai da mahaya dawaki da 'yan kasuwa birjik, amma matan kulle da rayuwar cikin gida sai ɗaiɗaiku. Rashin fitowarsu ba shaidar rashinsu ba ce, kamar yadda titin Daguerre bai kasance babu kowa ba.

Daga nan masu hoto suka ja wa'adin ta fuska biyu. A watan Yuni na 1878, a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa na attajiri Leland Stanford, ya ɗauki doki a guje daki-daki. Hotunan sun tabbatar da cewa akwai ɗan lokacin da kofatai huɗu duka suke barin ƙasa, kuma hakan yana faruwa ne sa'ad da ƙafafun suke tattare a ƙarƙashin ciki, ba sa'ad da suke miƙe gaba da baya ba kamar yadda masu zane suka daɗe suna nunawa. Duk mahayin da ya taɓa yin sukuwa ya ji wannan a jikinsa, amma babu wanda ya gan shi da ido kafin ranar. A ɗaya fuskar, Bajamushe Michael Wesely ya kafa kyamarori a gaban gidan adana zane-zanen zamani na birnin New York, wato MoMA, sa'ad da ake sake gina shi daga 2001 zuwa 2004, ya bar idonsu a buɗe kusan shekara uku. A hoton, tsohon gini da sabo sun hau kan juna kamar inuwa, hanyar rana ta bar zane-zane a sama, ma'aikatan da suka yi aikin kuwa babu ko ɗaya. Matsalar titin Daguerre ce ta dawo bayan fiye da shekara 160.

3.0 Ratar da ke Tsakanin Hoto Biyu

Idan hoto ɗaya bai riƙe komai ba sai wa'adinsa, to ina ake ganin tsufa da rushewa da sauyi? Ana ganin su ne a ratar da ke tsakanin hoto biyu, wadda ita kanta ba a ɗauke ta ba.

Babu aikin da ya fayyace wannan kamar na Ba'amurke Nicholas Nixon. Tun daga 1975 ya riƙa ɗaukar matarsa da 'yan'uwanta mata uku sau ɗaya kowace shekara, da babbar kyamara, a hoto fari da baƙi, kuma kullum a jere ɗaya daga hagu zuwa dama. A shekarar farko ƙaramarsu tana da shekara 15, babbar 25. A 2014 MoMA ya baje hotuna 40 na wannan jeri. Wanda ya dubi hoton wata shekara da na shekarar da ke biye mata, da ƙyar zai ga bambanci. Wanda ya tsallaka goma kuwa zai ga fata ta saki, kafaɗu sun sauko, 'yan'uwan kuma sun ƙara matsowa kusa da juna. Babu hoto ɗaya daga ciki da za a nuna a ce a nan ne tsufa ya shigo. Abin lura ga mai nazari shi ne ƙa'idar da Nixon ya ɗaure kansa da ita: sai da ya hana komai motsi, jeri da yawan mutane da nau'in hoto, sannan sauyin fuska ya fito fili. Lokaci ba ya bayyana sai an sami abin da bai sauya ba an jingina shi da shi.

A kan wannan ƙa'ida aka gina dabarar maimaita hoto. Tsakanin 1977 da 1979 Mark Klett da abokan aikinsa sun bi sawun masu hoton ƙarni na 19 irin su Timothy O'Sullivan da William Henry Jackson a yammacin Amurka, suna neman ainihin wurin da kowannensu ya kafa kyamararsa, su sake ɗauka a irin yanayin shekara da irin hasken da aka ɗauki na farko. Sakamakon ya fito a littafi a 1984. Wasu wuraren sun cika da hanyoyi da madatsun ruwa, wasu kuma garuruwan haƙar ma'adinai ne da suka koma kufai. Aikin yana da wahala, domin kuskuren taku kaɗan yakan sauya yadda dutse na kusa yake rufe na nesa.

Birnin Kano ya dace da irin wannan aiki ƙwarai. Dutsen Dala da Goron Dutse ba su gusa ba, don haka suna iya zama turakun da za a auna sauran abubuwa da su. Akwai tsofaffin hotunan badala da ƙofofin gari da kududdufai da marinar Ƙofar Mata tun daga shekarun da suka biyo bayan shigowar Turawa a 1903. Da za a nemo inda aka tsaya aka ɗauke su a maimaita, da muhawarar da ake yi kan yawan abin da ya zube na ganuwa da yawan kududdufan da aka cike aka yi gini ta tashi daga ƙiyasi ta koma awo.

Sai dai hoto biyu ma suna iya ruɗarwa, kuma Tafkin Cadi ne babban misali. An saba jera hoton tauraron ɗan'adam na 1963, sa'ad da faɗin ruwan ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, kusa da na shekarun 1980, bayan manyan fari sun mayar da shi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wancan. Duka hotunan gaskiya ne. Amma idon mai kallo yakan ja miƙaƙƙen layi daga na farko zuwa na biyu, ya zarce da shi zuwa ranar da tafkin zai ƙafe ƙurmus. Tafkin kuwa ba shi da zurfi, yana cika yana janyewa tsakanin damina da rani da kuma tsakanin shekaru. Farkon shekarun 1960 lokacin cikarsa ne ƙwarai, a farkon ƙarni na 20 kuma jami'in Faransa Jean Tilho ya tarar da shi a tsuke, sannan bayan shekarun 1980 ruwan ya ɗan farfaɗo. Wanda ya zaɓi ranakun hoto biyu shi ne ya rubuta labarin da suke bayarwa.

4.0 Dalar Gyaɗa da Sanin Mai Kallo

A littafinsa na 1980 kan hoto, masanin Faransa Roland Barthes ya tsaya a kan hoton wani saurayi, Lewis Payne, wanda Alexander Gardner ya ɗauka a 1865 yana tsare da ankwa a hannu, kafin a rataye shi saboda hannunsa a makircin da ya kai ga kashe shugaban Amurka Abraham Lincoln. Abin da ya soki Barthes shi ne mai kallo yana riƙe da lokaci biyu a tare: mutuwar saurayin tana gabansa a cikin hoton, amma ta daɗe da wucewa a wajen mai kallo. Saurayin bai san ranar ba, mai kallo ya sani. Wannan sani ba ya cikin takardar.

Hoton da ya fi kowane yi wa mutanen Arewa irin wannan aiki shi ne na dalar gyaɗa. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, aka riƙa jibge dubban buhuna a tsarin dala, sunan Alhassan Ɗantata kuma ya shahara a harkar. Farin farkon shekarun 1970, da annobar cutar gyaɗa ta 1975, da karkatar tattalin arzikin ƙasa zuwa man fetur, sun taru sun kawo ƙarshen abin. Yau dalar ba ta ko'ina sai a hoto, kuma duk wanda ya dube ta yana dubawa ne da sanin cewa ta tafi. Shi ya sa ta zama hoton kewa, ana kawo ta a jawabai da maƙalu a matsayin shaidar zamanin wadata.

Amma dala ma'ajiya ce ta jira. Buhunan suna tsaye ne domin jirgin ƙasa bai kwashe su zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas ba tukuna, kuma a shekarun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarancin kawunan jirgi da taragu ya sa gyaɗar wata kaka takan tarar da ta kakar baya a ƙasa, ƙwari suna ɓarna. Ke nan tsayin dala yana iya nuna yawan amfanin gona, yana kuma iya nuna gazawar sufuri. Ma'aikacin hukumar ciniki na wancan zamani da ɗalibin jami'a na yau suna iya duban hoto ɗaya, na farko ya ga matsala, na biyu ya ga alfahari. Haka nan hoton bai faɗi nawa aka biya manomi ba, bai kuma faɗi nawa ɗan dakon da ke hawa da buhu a ka ya samu ba. Ba laifin hoton ba ne. An tambaye shi ne abin da bai shiga idon kyamara ba.

5.0 Hoto a Ma'aunin Nahawun Hausa

Yana da kyau a saurari yadda Bahaushe yake magana idan yana nuna hoto. Ba ya cewa "kakana ya zauna". Cewa yake yi "ga kakana nan yana zaune, yana riƙe da carbi, ga ƙanensa yana tsaye a bayansa", ko da mutanen sun shekara arba'in a kabari. Wannan ba kuskure ba ne. Masana nahawun Hausa, ciki har da Paul Newman a babban littafinsa na 2000 da Philip Jaggar a nasa na 2001, sun nuna cewa sigogin da ake kira lokutan Hausa sun fi bayyana yanayin aiki, ko ya kammala ko yana gudana, a kan su bayyana matsayinsa a kalanda. "Yana zaune" tana iya zama jiya ko yau ko gobe, sai an ƙara wata kalma ko an san mahallin zance. Hoto ma haka yake: yanayi ne mai ci wanda ba shi da kwanan wata a jikinsa. Ta wannan fuska Hausa ta fi harsunan da suke tilasta wa mai magana zaɓar jiya ko yau dacewa da bayanin hoto.

Haɗarin yana zuwa ne idan aka zame daga lokaci mai ci zuwa lokaci sabau. Katunan gaisuwa masu hoto na zamanin mulkin mallaka sau da yawa ba sa ɗauke da sunan wanda aka ɗauka ko shekara, sai dai a rubuta jinsinsa ko sana'arsa: Bahaushe ɗan kasuwa, ko matar Filani. Da wannan ɗan rubutu, mutum ɗaya da ya sa wata riga a wata rana ya zama wakilin al'umma duka a kowane zamani. "Yana sanye da" ta koma "sukan sa". Johannes Fabian, a littafinsa na 1983, ya soki yadda ilimin nazarin al'ummomi yake cire mutanen da yake nazari daga zamanin mai nazarin, ya ajiye su a wani lokaci da ba ya motsi. Abin takaici shi ne wannan ɗabi'a ba ta tafi tare da Turawan ba. Ba abin mamaki ba ne a buɗe kundin digiri a kan tufafi ko gine-gine ko bukukuwan Hausawa a tarar da hoto a rataye, an rubuta "tufafin gargajiya" a ƙarƙashinsa, babu gari, babu shekara, babu sunan mai ɗauka. Mai kundin ba zai yarda ya kawo baitin waƙa ba tare da sunan mawaƙi ba, amma ya yarda ya yi wa hoto haka.

6.0 Gano Shekarun Hoto

Hoton da ya zo babu kwanan wata ba a yanke ƙauna da shi. Masu hoton Afirka ta Yamma da kansu sun bar hanyoyi. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yakan sauya ƙyallen da yake ratayawa a bayan masu ɗaukar hoto bayan 'yan shekaru, kuma da zanen ƙyallen ya riƙa tuna shekarun hotunansa daga baya. J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara kusan dubu, yana kula da sunan kitso da inda ya samo shi, domin ya lura cewa yayi yana wucewa.

A hotunan Nijeriya akwai turaku tabbatattu. Tuta mai kore da fari da kore a kan ginin hukuma tana nuna 1 ga Oktoba 1960 ko bayanta. Motoci suna bin hannun hagu a titi yana nuna kafin 2 ga Afrilu 1972, ranar da ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama, sai dai a tabbata ba a juya fim ɗin ba wajen wanki, abin da rubutun allon shago zai tona. Farashi da fam da sule yana nuni ga kafin Janairun 1973, lokacin da naira da kwabo suka fara aiki, ko da yake bakin 'yan kasuwa ya daɗe bai saki tsohon lissafi ba. Zanen atamfa da ɗinkin hula da samfurin rediyo ko keken da aka jingina a gefe duk suna taimakawa wajen rage tazara. Ita kanta takardar tana tsufa: hotuna masu launi na shekarun 1970 da 1980 sukan rine su yi ja saboda wasu launukan sun fi wasu saurin kodewa, gefen da gara ta ci ko danshin damina ya manne shi da gilashi kuma yana faɗin inda aka ajiye shi. Bayan hoton ya cancanci dubawa kamar gabansa, domin nan ne hatimin shagon mai hoto yake, wani lokaci da ɗan rubutun boko ko na ajami.

Hoton waya ya zo da sabon salo na tsohuwar matsala. Wayar tana rubuta rana da sa'a a cikin fayil ɗin, amma manhajoji irin su WhatsApp da Facebook sukan goge wannan bayani daga kwafen da ake yaɗawa. Haka tsohon hoton ambaliya ko na rikici yake dawowa bayan shekaru a matsayin labarin jiya, haka kuma hoton wani gari yake yawo da sunan wani. Taskar da ta fi kowace saurin lalacewa kuwa ba takarda ba ce, ba fayil ba ce. Ita ce tsohuwar da za a miƙa wa hoto ta kai shi kusa da ido ta ce wannan wane ne, ɗan wane, an ɗauka shekarar da aka yi fari, bayan Sallar Layya. Mai binciken da ya shiga gida neman tsofaffin hotuna ya kamata ya shiga da na'urar naɗar murya tare da kyamararsa, ya ɗauki gaban hoton da bayansa, ya kuma rubuta ranar da ya yi hakan.